Platypus da Sana'ar Gina Wasan Kwamfuta da Yumɓu

Platypus wasan kwamfuta ne da ya fito a watan Mayun 2002. Aikin mutum ɗaya ne, Anthony Flack, ɗan ƙasar Niyu Zilan, kuma a gida ya haɗa shi. Duk abin da ido ke gani a cikin wasan, jiragen yaƙi ne, tuddai ne, itatuwa ne, har wutar da ke tashi idan jirgi ya tarwatse, da hannu aka mulmula shi da yumɓun roba, aka ɗauki hotonsa, aka shigar da shi kwamfuta. An fara sayar da shi a faifan CD cikin wasanni masu araha. Daga 2004 aka sa shi a intanet bisa tsarin ɗanɗana-kafin-ka-saya, kuma ta wannan hanya ce sunansa ya bazu. Kamannin wasan da salonsa sun samo asali ne daga ƙarancin kayan aiki da ƙarancin hannu, don haka bayaninsa daga yumɓun zai fara.

Yumɓun da ake nufi ba irin na maginan tukwane ba ne, wanda ake kwaɓawa da ruwa, ya bushe, a gasa. Wani malamin zane a birnin Bath na Ingila, William Harbutt, shi ya haɗa shi a 1897 don ɗalibansa su riƙa koyon aiki da abin da ba zai bushe musu a hannu ba. Ya sa masa suna Plasticine, ya yi masa rajista a 1899, aka fara yin sa na sayarwa a 1900. Garin alli ne da ake cuɗawa da man basilin da wasu sinadarai masu maiƙo. Tunda babu ruwa a cikinsa, babu abin da iska za ta busar. Ɗumin tafin hannu na sa shi laushi, sanyi na sa shi tauri, zafi mai yawa kuma na sa shi saki. Ana iya lanƙwasa shi yau, a dawo bayan wata guda a tarar da shi yadda aka bar shi, a sake lanƙwasawa.

Wannan hali nasa ne ya sa masu shirya fim suka rungume shi. Dabarar a baki ba ta da wuya: a kafe kyamara wuri ɗaya, a ajiye mutum-mutumin yumɓu a gabanta, a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan gusa hannunsa kaɗan, a sake ɗauka. Idan aka jera hotunan aka nuna su da sauri, ido zai ga motsi. Fim ɗin sinima na tafiya ne da hotuna 24 a daƙiƙa ɗaya. Masu wannan sana'a sukan nuna kowane hoto sau biyu don rage wahala, ya zama 12 ke nan, amma ko a hakan minti ɗaya na cin hoto 720, kowanne da taɓawar hannu. Art Clokey ya yi suna da Gumby a Amurka cikin shekarun 1950, Will Vinton da abokin aikinsa Bob Gardiner sun ci kyautar Oscar a 1975 da gajeren fim ɗinsu na yumɓu, kamfanin Aardman na Biristol kuma ya fito da Morph a 1977, sannan Wallace da Gromit na Nick Park a 1989.

Mai karatu zai iya tambaya: idan minti ɗaya na cin hoto 720, ta yaya mutum ɗaya zai yi wasan da ake shafe awanni ana bugawa? Amsar tana cikin bambancin fim da wasa. Fim tafiya yake yi daga farko zuwa ƙarshe, kowace daƙiƙa sai an ɗauke ta. Wasa kuwa maimaici ne. Mai shirya shi yana ɗaukar 'yan hotuna ne na kowane abu, ya ajiye, sannan ya rubuta wa kwamfuta umarnin yadda za ta riƙa ɗauko su tana ɗorawa a allo. Tafiyar mutum, alal misali, hoto takwas na iya isarta: daga ɗaga ƙafar dama har zuwa lokacin da za a sake ɗaga ta. Idan hoto na takwas ya haɗu da na farko ba tare da tsalle ba, kwamfuta za ta yi ta juya su, mutumin ya yi tafiyar awa guda. Abokin gaba ɗaya da aka gina aka ɗauka sau ɗaya zai iya fitowa sau dubu. Aikin hannu na ƙarewa da wuri, sauran na na'ura ne.

Sai dai wasa na da nasa sharuɗɗan da fim bai san da su ba, kuma a kan teburin aiki ake ganinsu. Mai ɗaukar hoto yakan rufe tagogi ruf, domin hasken rana na sauyawa tsakanin hantsi da azahar, kuma ƙaramin bambancin haske tsakanin hoto da hoto na fitowa a allo kamar walƙiya. Da fitila ake aiki, fitilar kuma ba ta gusawa. Fitilun da ake amfani da su a zamanin da aka yi Platypus na da zafi, saboda haka idan aiki ya yi tsawo sai fiffiken jirgi ya fara rusunawa, hanci ya fara sauka. Abin da ke da gaɓoɓi akan yi masa ƙashi da waya a ciki don ya iya tsayuwa. A bayan abin akan shimfiɗa takarda ko ƙyalle mai launi ɗaya, don a samu sauƙin yanke hoton a kwamfuta. Yankan nan shi ne aikin da ya fi cin rai. Sai an bi gefen abin ɗigo-ɗigo ana goge bango, domin in an bar ko siririn layi na launin bangon, zai fito kamar zobe kewaye da jirgin a duk inda ya shiga.

Akwai kuma matsalar inuwa. A zanen hannu, idan ana son mutum ya juya hagu, sai kwamfuta ta juya hotonsa kawai. A hoton yumɓu haske da inuwa na manne da jikin abin. Idan fitila ta hasko shi daga dama, aka juya hoton, hasken ya koma hagu, alhali tudun da ke bayansa na nan da haskensa na dama. Ido na kama wannan ko da mai kallo bai san abin da ya dame shi ba. Mafita ita ce ko dai a hasko komai daga sama, ko a ɗauki kowace fuska daban, aiki ya ninku.

To me ake samu bayan wannan wahala? Haske na gaske ake samu, a kyauta. A shekarun 1990 da farkon 2000, sa kwamfuta ta lissafa yadda haske ke sauka a kan abu mai lanƙwasa, da laushin inuwarsa, aiki ne na na'urori masu tsada da ƙwararru. Mai yumɓu ba ya lissafa komai. Fitila ta riga ta yi masa, kyamara ta kwashe. Ƙari a kan haka, shatin yatsa da ɗan karkacewar da hannu ke bari na ba abin nauyi da jiki, mai kallo ya ji kamar zai iya miƙa hannu ya taɓa.

Flack ba shi ya fara gina wasa da yumɓu ba. Goro, dodon nan mai hannu huɗu na wasan Mortal Kombat na 1992, mutum-mutumi ne aka gina aka ɗauka. ClayFighter na kamfanin Interplay ya fito a 1993 da 'yan dambe na yumɓu. A shekarar kuma aka saki Doom, inda Adrian Carmack na kamfanin id Software ya gina wasu dodannin da yumɓu, aka ɗauke su ta fuskoki da dama saboda mai wasa na iya zagaya su, kafin a ba Gregor Punchatz aikin gina sauran da roba da ƙarfe. A Doom ɓoye yumɓun aka yi: an rage hotunan, an sake fente su, har ba mai cewa daga tebur suka fito. Wanda ya fito da yumɓu fili shi ne The Neverhood na 1996, aikin Doug TenNapel da ƙungiyarsa, wanda DreamWorks Interactive ya buga. An gina duniyar wasan gaba ɗaya da yumɓun da ya kai tan uku. Bai yi kasuwa a Amurka ba, amma ya samu masoya da yawa a Rasha da Iran ta hanyar faya-fayan satar fasaha. Duk waɗannan ayyukan kamfanoni ne masu ma'aikata da jari.

Hanyar da mutum ɗaya zai bi ya kai wasansa hannun jama'a kuwa tana da nata tarihin. A 1982 wasu Amurkawa biyu, Andrew Fluegelman da Jim Knopf, kowanne ya rubuta manhaja ya sake ta, ya ce duk mai so ya kwafa ya ba wani, wanda ya ji daɗinta kuma ya aiko da kuɗi. Fluegelman dala 25 ya nema a kan manhajarsa ta PC-Talk. Bob Wallace, tsohon ma'aikacin Microsoft, ya bi sahu a 1983 da PC-Write. Manhajojin sun yaɗu ta faya-fayan fulofi, ta ƙungiyoyin masu kwamfuta, da kuma kwamfutocin da ake kira ta layin tarho a sauko da abin da ke cikinsu. Masu amfani su ne 'yan talla, su ne masu rabawa.

Tsarin ya yi wa manhajojin ofis aiki, domin wanda ke rubuta wasiƙunsa da manhaja kullum yana son littafin bayani da sabon bugu, zai biya. Bai yi wa wasanni aiki ba. Wanda ya buga wasa har ƙarshe ba shi da sauran dalilin zuwa gidan waya ya aika da caki. Scott Miller na Apogee, a jihar Tekzas, shi ya gano bakin zaren a 1987 da wasannin Kroz: a raba wasa kashi uku, a saki na farko kyauta, sauran biyun sai da kuɗi. Dabarar mai kilishi ce, da zai yago ɗan yanki ya miƙa wa mai wucewa, ya san in ya ji yaji a harshe da wuya ya tafi hannu rabbana. Da wannan tsari aka sayar da Commander Keen a 1990, da Wolfenstein 3D a 1992, sannan Doom, wanda kashinsa na farko ya fita kyauta ranar 10 ga Disamban 1993. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 manyan wasanni sun yi girman da ba za su biyo ta layin tarho ba, suka koma kantuna a faifan CD. Hanyar ta zama ta ƙananan masu aiki.

A cikin irin waɗannan ƙananan masu aiki Flack yake. Kafin Platypus ya yi wani wasan yumɓu mai suna Bert the Barbarian. Sannan gobara ta cinye gidan da yake zaune, ta haɗa da kayan aikinsa. Da ya tashi sake farawa, sai ya tarar yumɓun roba ya yi wuyar samu a Niyu Zilan a lokacin. Abin da ya yi, kamar yadda ya bayyana da kansa, shi ne ya ɗauki curi ɗaya mai launin toka, ya gina jirgi, ya ɗauki hotonsa da kyamarar dijital, ya murƙushe shi, ya gina na gaba da yumɓun nan dai. Launi kuma a manhajar Photoshop ya riƙa sa wa hotunan.

Wannan dabara ta cancanci a tsaya a kanta, domin ta fi ƙarfin a kira ta maneji kawai. Hoton abu mai launin toka na ɗauke da abin da ake buƙata daga kyamara, wato haske da inuwa da shatin hannu, ba tare da launi ya shiga tsakani ba. Idan aka zuba launi a kai daga baya, inuwar na nan yadda take. Jirgi ɗaya zai iya fitowa ja a nan, shuɗi a can, ba a sake gina komai ba. Launukan wasan duka na hannun mai shi, zai daidaita su yadda abokan gaba za su fito sarai a kan bango. Kuma ya huta da wata matsala da duk mai aiki da yumɓu mai launi ya sani: ja ya taɓa fari, fari ya ɓaci, bayan 'yan kwanaki komai ya koma launin ƙasa. Asarar ita ce babu abin da ya rage a kan kanta. In an gano kuskure a hoto bayan wata uku, jirgin ya riga ya zama tudu ko itace. Sai dai a sake ginawa, kuma hannu ba ya maimaita abu daidai da na farko.

Nau'in wasan da ya zaɓa shi ma ya dace da halin da yake ciki. Platypus na cikin wasannin harbi da allo ke tafiya a kwance: jirgin mai wasa na hagu yana fuskantar dama, ƙasa na wucewa a ƙarƙashinsa, abokan gaba na shigowa ayari-ayari. Salo ne tsoho, na zamanin injinan wasa da ake jefa wa sulalla, irin su Scramble na 1981, Gradius na 1985 da R-Type na 1987. Ga mai yumɓu, alherinsa a fili yake. Jirgi ba ya tafiya da ƙafa, ba ya lanƙwasa gwiwa, ba ya juyo da fuska. Ta gefe ɗaya ake ganinsa. Hoto ɗaya, ko 'yan kaɗan don nuna karkatarsa idan ya yi sama ko ƙasa, sun wadatar, kwamfuta ce za ta ja shi a allo. Idan ana son nuna ya ji rauni, a danna shi da babban yatsa a sake ɗauka. Ƙarfin da aka adana sai a zuba shi inda ido zai fi jin daɗi, wato fashewa. Ana gina ta ne mataki-mataki, daga ɗan ƙwallo zuwa babban dunƙule mai kumburi, zuwa ɓarɓashi, kuma ita ce abin da mai wasa ke gani ɗaruruwan lokuta a kowane zama.

Bangon wasan jeri-jeri ne na tuddai. Na kusa na wucewa da sauri, na tsakiya a hankali, na nesa kamar ba ya motsi, kuma wannan bambancin gudu ne ke sa ido ya ga nisa a allon da ba shi da zurfi. Tudu ɗaya da itace ɗaya za su iya dawowa sau da yawa a wurare dabam-dabam ba a lura ba.

Labarin wasan gajere ne, kuma da gangan. Mutanen wani ƙaton birni mai suna Collosatropolis sun cika sun batse, sun fara mamaye ƙasar Mungola mai zaman lafiya, abin da ya rage wa mutanen Mungola kuma shi ne tsohon jirginsu samfurin F-27, wanda ake kira Platypus, sunan dabbar nan ta Ostireliya mai bakin agwagwa. Matakai huɗu ne, kowanne da zango biyar, a ƙarshen kowane mataki kuma akwai babban bos. Idan aka kakkaɓe wani ayari gaba ɗaya, tauraro na fitowa. Harbin tauraron na sauya masa launi, kowane launi da makamin da yake bayarwa, makamin kuma na ɗan lokaci ne. Mai wasa na cikin ruwan harsasai yana lissafin ko ya ɗauki wanda ke gabansa ko ya ƙara harbi ɗaya ya samu wanda yake so. Dabarar ta yi kama da ta ƙararrawar TwinBee, wasan Konami na 1985. Manyan jirage in sun fashe 'ya'yan itatuwa suke zubarwa, a tsince su a samu maki. Mutum biyu na iya bugawa tare.

Da yaren shirya manhaja na Blitz Basic aka rubuta wasan. Shi ma ɗan Niyu Zilan ne ya ƙirƙire shi, Mark Sibly, tun zamanin kwamfutar Amiga, kuma da shi Andy Davidson ya fara rubuta wasan da ya zama Worms. An yi yaren ne don mutumin da ba injiniya ba ya iya ɗora hoto a allo, ya motsa shi, ya gane lokacin da abu biyu suka yi karo, da 'yan layukan umarni. Kiɗan wasan kuwa sabunta tsofaffin kaɗe-kaɗen wasannin Commodore 64 ne, daga ciki har da na Martin Galway a Wizball da Parallax da Comic Bakery, da na Rob Hubbard a Sanxion. Ga Baturen Ingila da ya tashi da wannan kwamfuta a shekarun 1980, jin kiɗan kaɗai ya isa ya tsayar da shi.

Kamfanin Idigicon na Ingila, wanda a lokacin yake sayar da Blitz Basic na kwamfutocin Windows da kuma wasanni masu araha, shi ya sayi Platypus. Bisa bayanin Flack, fam 1,500 aka biya shi, kuɗi dunƙule, haƙƙin mallakar wasan kuma ya koma hannun kamfanin. Aikin ya ci wata 18. In an raba, abin da ya samu bai kai fam 85 a wata ba. A yi wa kamfanin adalci: haka ake cinikin wasanni masu araha a lokacin. Mai bugawa na sayen wasanni da dama a ƙaramin farashi, yana sane da cewa mafi yawansu ba za su mayar da kuɗin faifai da kwali ba, shi ke ɗaukar kasadar. Amma abin da mai aiki ke sa wa hannu a irin wannan takarda ya wuce faifan da za a buga bana. Ya haɗa da sunan wasan, da hotunansa, da ikon kai shi wata na'ura, da ikon yin na biyu. A ranar sa hannu waɗannan ba su da wata daraja da ake gani. Darajarsu na bayyana ne idan wasan ya karɓu, lokacin kuma sun riga sun fita daga hannu.

Karɓuwar ta zo ta wata kasuwa da ke tasowa a daidai lokacin. Bayan nasarar Bejeweled na PopCap a 2001, shafukan intanet masu sayar da ƙananan wasanni irin su RealArcade da Big Fish Games sun farfaɗo da tsohon tsarin ɗanɗani da sabuwar fuska. Maimakon a ba da kashi ɗaya cikin uku, sai a ba da wasan ya yi aiki na minti 60, sannan ya kulle, a buɗe shi da katin banki a kan kusan dala 20. A tsakanin masu sana'ar, lissafin da aka saba yi shi ne cikin mutum ɗari da suka sauke wasa, kusan ɗaya ne zai saya. Saboda haka riba na ga wanda aka sauke nasa da yawan gaske. Girman fayil ma abin lura ne, domin a layin tarho mai gudun kilobit 56, megabait goma na cin kusan rabin awa, kuma hoton kyamara, saboda yawan launukan da ke cikinsa, ya fi zanen kwamfuta wuyar matsewa.

Mike Boeh na kamfanin Retro64 a Amurka shi ya gyara Platypus don wannan kasuwa, ya fara rarraba shi ta intanet a Janairun 2004. Gyare-gyare biyu ne suka fi muhimmanci: an ƙara mataki mai sauƙi, an kuma sa ana iya tuƙa jirgin da linzamin kwamfuta. Dalili a bayyane yake. Bugun farko na da tsananin wuya, irin na wasannin da Flack ya tashi da su, inda mutuwa a minti na biyu ba abin mamaki ba ce. Masu sayen wasa a waɗannan shafuka kuwa galibi manya ne da ke neman abin rage lokaci bayan aiki, kuma wanda aka kashe sau biyar a minti goman farko ba zai kai ga zaro katin banki ba.

A nan ne yumɓun ya biya wahalar da aka sha a kansa. A shafin da aka jera ƙananan hotunan wasanni masu yawa, akasarinsu duwatsu masu ƙyalli da katunan karta, hoton jirgin da ake ganin shatin yatsa a jikinsa na tsayar da ido nan take. Wasannin harbi ba su cika karɓuwa a wannan kasuwa ba, amma Platypus ya shiga, saboda laushin kamanninsa ya sa wanda ba zai taɓa kusantar wasan yaƙi ba ya ce bari ya gwada. Ta fuskar tsarin wasa zalla, bai kawo wani sabon abu da Gradius da 'yan'uwansa ba su riga sun yi ba, kuma makamansa ba su da yawa. Abin da yake da shi shi ne daidaito wajen jera ayarin abokan gaba, da fuskar da ba ta kama da ta kowa.

Daga nan wasan ya yi ta yawo a na'urori. MumboJumbo ya fitar da shi a PSP ta Sony a 2006, ya shiga wayoyin hannu, ya isa dandalin Steam a 2014. A 2007 aka fitar da Platypus II, wanda kamfanin Citric Games ya shirya ba tare da Flack ba, abin da takardar cinikin ta halatta. Shi kuwa ya koma kan wani aiki mafi girma, Cletus Clay, labarin wani manomi da ke fafatawa da baƙi daga sararin samaniya, wanda ya yi tare da kamfanin TunaSnax na Ingila. Wasan ya kai zagayen ƙarshe a rukunin kyawun zane na gasar Independent Games Festival ta 2009, amma bai taɓa fitowa kasuwa ba. Jarumi mai hannu da ƙafa da ke gudu da tsalle da duka na buƙatar duk abin da jirgin Platypus ya kauce wa.

Wasu sun bi hanyar bayansa, kowa da yadda ya warware matsalar lokaci da kuɗi. Anders Gustafsson da Erik Zaring, 'yan ƙasar Siwidin, sun gina The Dream Machine da yumɓu da kwali, suka raba shi babi shida, suka bar na farko kyauta a intanet, wato tsarin Scott Miller bayan shekara ashirin da wani abu. Sun fara sakinsa a 2010, ba su kammala ba sai 2017. Mason Lindroth ya fitar da Hylics a 2015, inda ya rage launukan hotunan yumɓunsa da gangan har suka koma kamar tsohon bugun jarida. A shekarar kuma tsofaffin ma'aikatan The Neverhood suka saki Armikrog, da kuɗin da magoya baya suka tara musu a Kickstarter a 2013, kusan dala miliyan ɗaya.

Haƙƙin Platypus daga baya ya koma hannun kamfanin Claymatic Games, wanda Flack ke aiki tare da shi. Hotunan 2002 an yi su ne daidai da ƙananan allunan kwamfuta na wancan lokaci, ba za su cika talabijin na yanzu ba sai sun dushe, don haka sabunta wasan ya buƙaci a sake gina jiragen da tuddan, a ɗauke su da kyamarorin zamani. Sabon bugun, Platypus Reclayed, ya fito a 2025 a kwamfuta da na'urorin wasa na Nintendo da Sony da Microsoft.